Bugun da Ya Ƙi Sauka

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a ƙauyenmu, can arewa da Gezawa inda gonar wani ke jingine da katangar wani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa cikin ido. In tana son ludayi sai ta ce da ƙanwata Luba, "Ce wa waccan ta miƙo ludayi," ko da ni ce kusa da ita. Tun da aka yaye ni Gwaggo Barira, yayar Baba, ta ɗauke ni zuwa sashenta da ke cikin gidan namu, a ɗakinta na girma. Ita ke ƙwala kiran Safara'u har maƙwabta su ji. Ita ce kuma ta tsaya gaban Baba da 'yan'uwansa ranar da na gama sakandare, ta ce yarinyar nan jami'a za ta, wanda abin bai yi wa daɗi ba ya kawar da kai.

Na je jami'ar, na gama, na koma digiri na biyu a fannin nazarin motsa jiki, wato yadda zuciya da huhu da tsoka suke aiki in mutum yana wahala. A garinmu sunan wannan karatu digirin tsalle-tsalle. In na wuce ta gindin dalbejiyar bakin masallaci sai wani cikin samarin ya ce ko Malama za ta zo ta yi musu atisaye. Ban taɓa sunkuyar da kai ba. Nakan ce ya fara tashi daga kan bencin nan tukuna, in ga ko ƙafafunsa na aiki.

Karatun ya ja fiye da yadda aka ce. Yajin aiki ya ci wani ɓangare, sai kuma fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Na bar ɗakin da nake haya a birni na dawo gida, sai ranar da ya zama dole nake shiga mota. Injin niƙan garinmu ya yi shiru, mai shi ya rufe shi da buhu. Mata suka koma turmi da taɓarya tun daga surfe har gari, ga tuwon da ke kwano ya ragu. A nan na samu abin da zan yi bincike a kai: nawa zuciyar mace take aiki a bakin turmi, kuma yaya take komawa daidai in ta ajiye taɓarya. Sashenmu na jami'a ya ara mini ɗamara guda, baƙa, mai roba, wadda ake ɗaurawa a ƙirji ƙarƙashin mama. Ita ke jin bugun zuciya ta aiko da shi cikin wayata, muddin ba a yi nisa ba.

Matan unguwa suka juya ɗamarar, suka shinshina ta, suka ce in fara da uwata. In ta ɗaura ba ta mutu ba, su ma za su ɗaura.

Baba ne ya yi wa Inna magana, ta amsa da to. Matsalar ita ce dole ɗamarar ta taɓa fata, kuma ni ya kamata in ɗaura. Inna kuwa ko kusa ba za ta yarda ba. Ta bakin Luba ta aiko mini cewa in nuna wa Luban yadda ake yi, za ta ɗaura a ɗaki, ta fito ta yi dakanta, ta koma ɗaki ta kwance. Na so ta zauna mini minti kaɗan kafin daka da bayansa, don ai rabin aikin ke nan. Aka ce in ji Inna ba ta da lokacin zaman banza. Na karɓa a haka, don na san da zarar an ce ta ɗaura, sauran matan za su ba ni abin da nake so.

Luba tana gida ne wankan jego. Haihuwar fari ce, mace, aka sa mata Hauwa'u muna ce mata Maijidda. Mijinta Badaru yana Fatakwal yana sayar da albasa, amma kafin ya tafi ya sa an jibge mana itacen wanka har ya kai rabin katanga, abin da aka daɗe ana zancensa a unguwa, don a shekarar nan itace ba na kowa ba ne. Luba tana ɗakin Inna, kan gadon ƙasa da ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Gwaggo ce mai yi mata wanka, safe da yamma. A tafasa ruwa a rabin duro da ganyen dalbejiya, Gwaggo ta tsoma damin ganye ta riƙa fyaɗa mata har jikinta ya yi tururi, daga nan a miƙa mata ƙwaryar kunun kanwa da yaji, ta shanye, ta koma kan gadon. Bazara ce, ko ƙadangare ba ya son tsakar gida da rana. Ni ba na daɗewa a ɗakin, zafinsa ya fi ƙarfina, kuma an sha gaya mini jego ba hurumin budurwa ba ne. Masu zuwa barka suna fitowa suna yabawa. Sun ce jego ya karɓi Luba, ta cika, fuskarta har sheƙi take.

Aiki ya fara. Da hantsi sai in miƙa ɗamarar ta ƙofa, Inna ta fito ta nufi turmi ba tare da ta dube ni ba, ni kuma in zauna a inuwar rumbu da wayata. Lambar bugun takan tsaya a ɗari da talatin da wani abu a minti ɗaya. Ga mace mai kusan hamsin da ke dakan gero, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da na lura shi ne tun kafin taɓarya ta sauka karon farko lambar tana sama. Na ce ai ta yi shara, ta ja ruwa a rijiya, ga kuma kunyar ina zaune ina sauraren ƙirjinta. Na rubuta hakan a gefe, na ci gaba. Har na aika wa malamin da ke duba aikina, ya ce farko ya yi kyau.

Ranar da abin ya fito, wata tsohuwa ce daga ƙauyen gaba ta zo barka a makare. Ta tarar da Inna tsakiyar daka. Babu yadda za a yi, Inna ta jingine taɓarya, ta shimfiɗa tabarma, suka zauna. Na yi murna a raina, yau dai zan ga yadda zuciyarta ke sauka. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, aka shiga zancen tsadar masara da wanda ya rasu da wanda ya tafi cirani. Ina kallon waya.

Lambar ba ta motsa ba.

Zuciyar mai lafiya, ko ta tsohuwa, da an ajiye aiki take fara sauka, kamar ruwan da aka sauke daga wuta. Wannan shi ne abin da aka fara koya mana. Na kashe wayar na kunna. Na matso kusa. Inna tana zaune ta miƙe ƙafa, tana dariyar wani abu da tsohuwar ta faɗa, gumin goshinta har ya bushe, amma wayata tana cewa matar nan gudu take yi. Wani lokaci ma lambar ta yi tsalle sama ta dawo. Na dubi uwata da kyau, abin da ban saba yi ba, ina neman alamar mutuwa a fuskarta.

Ba zan iya zuwa in kama hannunta gaban baƙuwa ba. Na yi abin da na saba tun ina yarinya, na nufi wurin Luba.

Ɗakin ya buge ni da zafi da warin hayaƙi. Luba ba a kwance take ba, ta jingina da bango, an tara mata matasai a baya, Maijidda na barci a gefenta. Na durƙusa na ce mata cikin raɗa Inna ba ta da lafiya, zuciyarta ta ƙi sauka, dole a kai ta asibiti, ta taimake ni ta shawo kanta. Luba ta zuba mini ido, sai ta fara dariya. Dariyar ta koma tari, ta daɗe tana yi, ta dafe ƙirji. Da ta samu numfashi sai ta ɗaga rigarta.

Ɗamarar tana jikinta. Ta nutse cikin naman har ta yi shati.

"Yaya," in ji ta, tana tsayawa tsakanin kalmomi, "ashe digirin naki... bai iya bambance tsohuwa da mai jego ba."

Ta ba ni labari tana haki tana murmushi. Tun ranar farko Inna ta ce ita ba za ta ɗaura abin da zai riƙa kai wa 'yar farinta rahoton abin da ke cikin ƙirjinta ba. Ba ta kuma son ta saɓa wa Baba. Sai ta ce ai jini ɗaya ne, zuciya kuma zuciya ce, ga Luba a zaune ba ta aikin komai, ta riƙe mata. Kullum in na miƙo, Luba ke ɗaurawa, su yi ta dariyata ƙasa-ƙasa.

Ban yi dariya ba. Na kama wuyan hannunta na sa yatsu. Bugun yana nan yadda wayar ta faɗa, ƙanana, da sauri, yana tuntuɓe. Na yaye zanen da ke ƙafarta. Ƙafafun sun zama kamar taɓare biyu, idon sawu ya ɓace. Na danna ƙwaurinta da babban yatsa, da na ɗaga ramin ya zauna, bai ciko ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta kwanciya. Ta ce in ta kwanta sai ta ji kamar an danna kanta cikin randa, shi ya sa take barci a zaune. Ta ce Gwaggo ta sani, sanyi ne ya shige ta, an ma ƙara mata kanwa a kunu.

Ni ba likita ba ce, ban taɓa cewa ni ce ba. Amma na shafe shekaru ina kallon zukatan 'yan ƙwallo da 'yan gudu a kan injin gwaji, na san abin da zuciya ke yi in tana da ƙarfi. Wannan zuciyar tana gudu ne don ta kasa tura jinin, ruwa kuma yana taruwa a ƙafa yana hawa huhu. Abin da masu barka ke kira cika, ruwa ne.

Na sami Gwaggo a bayan ɗaki tana gyara ganyen wankan yamma. Na yi mata bayani da Hausar da ta fi kowace sauƙi, na ce a dakatar da wankan da kunun, a kai Luba birni yau. Ta saurare ni har na gama, don Gwaggo ba ta taɓa katse ni ba. Sannan ta ce ita ta wanke uwata a jegona, ta wanke matan gidan nan kaf, da na maƙwabta, tun kafin a san za a haife ni. Kumburi a jego sanyi ne, kowa ya sani, kuma sanyi ba ya jin lallashi, wuta yake ji. Mai jego ba ta taka waje kafin arba'in, balle ta shiga mota iska ta yi ta dukanta har Kano.

"Ke da ko 'yar tsana ba ki goya da kyau ba," in ji ta, tana murmushi. "Je ki auna masu daka, Safara'u. Wannan ɗakin nawa ne."

Na tafi zaure. Baba ya ce maganar jego ta mata ce, Luba kuma matar wani ce, shi amana aka ba shi. Na kira Badaru a gabansa. Ta cikin hayaniyar kasuwa ya ce shi bai rage komai ba, itace ya kai, ƙafar saniya ya kai, in aka ga matarsa a titi kafin arba'in sai a ce ya gaza. Ya ce duk abin da Gwaggo ta ce shi ne. Na ce masa matarsa na iya mutuwa kafin ya sayar da buhun da ke gabansa. Ya ce in ji tsoron Allah, ya kashe.

Da na dawo cikin gida an riga an hura wuta. Rabin duron yana kan duwatsun murhu, ruwan ya fara motsi, ganye na juyawa a ciki. Na tsaya ina kallonsa. Na san abin da ruwan nan zai yi: zai buɗe jijiyoyin fata gaba ɗaya, ya ce wa zuciyar da ta riga ta gaji ta ƙara gudu, daga nan a bi ta da ƙwaryar kanwa, wadda ita ma gishiri ce. Ko za ta ɗauka yau, ban sani ba. Ba na kuma son in sani.

Taɓaryar Inna tana jingine a turmi. Na ɗauko ta, na zura kanta ƙarƙashin gindin duron ta bayan dutse ɗaya, na tsaya ta inda ruwan ba zai biyo ni ba, na danna da duk nauyina. Duron ya karkata, ya kife a kan wutar. Tururi da toka suka tashi har saman rumbu, kaji suka watse, ruwan ya bi tsakar gida yana jan garwashi.

Gwaggo tana tsaye da damin ganye a hannu. Baƙuwar nan ta tsaya da salati a baki. Na yi zaton mari, na ma tsayar da fuskata. Gwaggo ba ta ɗaga hannu ba.

"Da ƙafata na raka ki makaranta," in ji ta a hankali.

Na ce na sani, abin da aka koya mini a can ne nake yi. Na ce in ta sake hura wuta zan sake kifarwa, har itacen Badaru ya ƙare. Ta ajiye ganyen, ta sunkuya ta fara tsame itacen da bai jiƙe sosai ba tana jerawa gefe. Da gaske sake hurawa za ta yi. Mu biyu mun san juna, ita ta koya mini taurin kan.

Sai Inna ta fito daga ɗaki da ɗamarar a hannunta. Ta tako cikin ruwan tokar ta tsaya a gabana, idonta a kan katangar da ke bayan kafaɗata.

"Ke," ta ce. "Ɗaura."

Ban taɓa jin ta yi mini magana kai tsaye ba sai ranar. Ta sassauta zanenta ta ɗaga riga. Na jiƙa ɗamarar na zagaya da ita, sai da na rage tsawonta har ƙarshe kafin ta kama. Haƙarƙarin uwata suna ƙirguwa da ido. Tuwon da nake gani ana kai wa mai jego malmala biyu, a ranar na gane daga kwanon wa ɗayar ke fitowa. Na haɗiye wannan, don ba lokacinsa ba ne.

Inna ba ta karanta lamba, Gwaggo ma haka. Sai na kunna sautin wayar, wanda ke yin ƙara sau ɗaya duk bugu, na ɗaga ta sama. Inna tana tsaye, sautin na tafiya a natse. Ta karɓi taɓaryar daga hannuna, ta goge tokar da ke kanta, ta koma kan geron da ta bari. Ta yi daka irin na mai fushi, turmin na rawa. Sautin ya hau, ya hau, har ya kusa kama saurin taɓaryar. Da ta gaji ta jingine ta, ta zauna a kan wani turmi da ke kife. Muna ji sautin ya fara ja da baya, kaɗan-kaɗan, kamar masu lugude in gari ya yi laushi, har ya koma tafiyarsa ta ɗazu.

Inna ta kwance ɗamarar da kanta, ta shiga ɗaki, muka bi ta. Ta ɗaura wa Luba, wadda tun safe ba ta ɗaga ko ƙwarya ba.

Sautin ya cika ɗakin. Ya fi na Inna a tsakiyar daka sauri, ya yi tuntuɓe, ya tsaya kamar ya ɓace, ya dawo da gudu. Muka jira ya sauka. Luba ta daina murmushi. Maijidda ta motsa ta sake barci. Muka ƙara jira.

Inna ta dubi Luba, ta koma hanyar da ta saba. Ta ce ta tambayi waccan, tun yaushe zuciyar nan take wannan dakan. Na ce tun ranar da aka fara ɗaura mata ɗamarar haka yake, wataƙila ma kafin nan, kuma ba ya tsayawa ko tana barci.

"Kuma ba mai karɓar ta," in ji Inna.

Ta juya wurin Gwaggo da ke bakin ƙofa. Ta ce, "Yaya, haka ƙafafun Hure suka yi." Hure ƙanwar Inna ce, ta rasu a cikin jego tun ina goye, abin da na sani kawai shi ne an ce sanyi ya kashe ta.  Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙafafun Luba, sannan ta juya ta tafi sashenta.

Inna ta yafa mayafi ta nufi zaure, inda ban taɓa ganin ta leƙa da rana ba. Ban ji abin da ta faɗa wa Baba ba, kuma ba ta daɗe ba. Na dai ga ya shigo ya ɗauko galan ɗin fetur da yake ɓoyewa bayan rumbu don injin ban-ruwa, ga tumatirinsa a fadama yana jiran ruwa a ranar. Ya fita da shi wurin Usaini, maƙwabcinmu mai adaidaita-sahu da ya ajiye ta saboda rashin mai.

Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai da Luba ta tsaya hutawa a kafaɗata. Mata sun cika bakin katanga suna kallon mai jego a waje. Wata ta ce ikon Allah, boko ya kai inda ya kai. Na dube ta har ta kawar da kai.

Mun isa babban asibiti a birni bayan la'asar. Ma'aikaciyar da ta fara auna ta ba ta bari mun bi layi ba. Aka sa mata iskar numfashi, aka yi mata allurar da ke fitar da ruwa. Washegari likitar zuciya ta yi mata hoton ƙirji, da ta ji abin da nake karantawa sai ta juyo mini da allon. Na sha ganin hoton zuciya tana matsewa kamar dunƙulen hannu. Ta Luba ta buɗe ta yi faɗi, bangonta na motsi da ƙyar, kamar tsohuwar salka. Likitar ta ce ciwo ne da ke kama wasu mata dab da haihuwa ko bayanta, ba a gama sanin sanadinsa ba, yana kama har waɗanda ba su taɓa wankan jego ba. Amma ta ce gishirin kanwa da zafin nan kaya ne ake ɗora wa wadda ta riga ta durƙusa. Na tambaye ta da mun jira arba'in fa. Ta girgiza kai, ta juyar da allon.

Abin da ya fi girgiza ni ɗakin da aka kwantar da ita ne. Na ɗauka Luba ce kaɗai. Gado bayan gado, 'yan mata ne sa'anninta, wasu ba su kai ta ba, kowacce a jingine da matasai, kowacce da jariri a hannun wata tsohuwa. Daga Minjibir, daga Ungogo, daga Bacirawa, daga ƙauyukan da nake wucewa a mota. Na tsaya a tsakiyarsu ina tuna matan garinmu da aka ce sanyi ya ɗauke. Inna ta zauna a ƙasa gefen gadon da Maijidda a cinya, tana bin gadajen da ido.

Luba ta rayu. Ruwan ya sauka, sai ga ainihin jikinta, ƙashi da fata, fuskar da ake yabo ta zube. An sallame ta da magunguna da sharuɗɗa: ba gishiri mai yawa, ba kanwa, ba aikin ƙarfi, ba wani cikin sai zuciyar ta nuna ta farfaɗo, in za ta farfaɗo. Badaru ya zo, ya ga hoton, ya zauna a bakin gadon. Tumatirin Baba rabi ya ƙone.

A gari labarin da ya zauna shi ne ɗamarar Safara'u ta tsotse Luba: ta shiga asibiti a cike ta fito a bushe, kowa ya gani da idonsa. Matan da suka yi mini alkawari duk suka janye. Abin da na tara da sunan Inna kuma ba na daka ba ne, sai da na zubar da shi. Malamina ya ce in nemi wani ƙauye in fara daga farko, ya ƙara mini zangon karatu ɗaya. Yanzu da sassafe nake fita da ƙafa, in ratsa gonaki zuwa wani gari inda ba a san ni ba sai a matsayin malamar jami'a, in dawo da azahar. In na wuce gindin dalbejiya ba mai tambayata atisaye. Shiru suke yi har in wuce, ni kuma ba na sauri.

Gwaggo ba ta sake kiran sunana ba. In tana son abu sai ta aiko a ce wa 'yar boko. Ina zuwa gaishe ta kullum da safe, in durƙusa, ta amsa tana kallon wani wuri. Ban ba ta haƙuri ba, don in aka sake ɗora duron nan zan sake kifar da shi. An ce da aka kira ta wankan wata mai jego a bayan masallaci, kafin ta tsoma ganye sai da ta yaye zanen yarinyar ta danna ƙwaurinta da yatsa. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Inna ta koma yadda take. Ranar Juma'a, da ba na fita, takan leƙo daga ɗaki ta ce da Luba, "Ce wa waccan ta kawo abin nan." Sai in kawo ɗamarar, in ɗaura wa Luba a inuwar rumbu, in kunna sautin. Inna ta jingine taɓarya ta tsaya, Maijidda a bayanta. Har yanzu bugun ya fi yadda nake so sauri, amma ya daina tuntuɓe, kuma in Luba ta taka zuwa rijiya ta dawo ta zauna, muna jin sa yana sauka. Inna ba ta komawa bakin turmi sai ta ji ya sauka.